Daga yiwuwa zuwa awon faruwa da rashin faruwa: ina 5 ta fito?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. A darasin ƙididdiga an ce mana yiwuwar faruwar wani abu 3/8 ce, mu fitar da ods, wato awon faruwarsa da na rashin faruwarsa. Na rubuta 3:8 da 8:3, aka soke, aka ce 3:5 da 5:3 ne daidai. Daga ina 5 ɗin ta fito, alhali ba ta cikin tambayar? Kuma in dai muna da yiwuwa a hannu, mene ne amfanin wannan awon? Na gode."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tambayoyinki biyu ne: yadda ake juya yiwuwa ta koma awo, da dalilin da ya sa ake wahalar da ku da shi. Ta farkon gajeriya ce. Ta biyun ce mai tsawo, kuma ita ce za ta bi ki har cikin asibiti.

Biyar ɗin tana cikin tambayar, a cikin takwas take ɓoye. Idan aka ce 3/8, ana nufin hanyoyi takwas ne gaba ɗaya, uku daga ciki abin zai faru. Sauran fa? Takwas a ɗebe uku, saura biyar. Su ne hanyoyin da abin ba zai faru ba.

Idan zan koyar da wannan a aji, nakan shigo da baƙar leda da wake iri biyu. In ƙirga ja uku da fari biyar a gaban ɗalibai, in zuba, in girgiza, in ce wani ya sa hannu ba tare da ya leƙa ba. Kowa ya yarda cewa yiwuwar ya ciro ja uku ce bisa takwas. Daga nan sai in ce ya zazzage ledar a kan tebur, ya ware ja gefe, fari gefe. Tsibi biyu ke nan suna kallon juna, wannan uku, wancan biyar. Yiwuwa tana gwada tsibin ja da duk abin da ke cikin leda, har da jan kansa. Awo kuwa tsibi da tsibi yake gwadawa. Idan kika fara ambaton ja, kin ba da awon faruwa, 3:5. Idan kika fara da fari, kin ba da awon rashin faruwa, 5:3. Da kika rubuta 3:8, kin ƙirga jan wake sau biyu: sau ɗaya a hagu, sau ɗaya kuma a cikin takwas ɗin dama. Wanda ya karanta 3:8 zai ɗauka wake goma sha ɗaya ne a ledar.

Kin ma san wannan lissafi tun kafin ki shiga makarantar jinya. A rabon gado, idan abin da za a raba tsakanin ɗa ɗaya da 'ya ɗaya naira 900,000 ne, namiji yana da rabon mata biyu, wato 2:1. Mai rabo ba ya cewa a kasa dukiya biyu. Yakan tara biyu da ɗaya, ya kasa uku, namiji ya ɗauki 2/3, naira 600,000, mace ta ɗauki 1/3, naira 300,000. Wannan 2:1 ita ce siffar awo, 2/3 kuma siffar yiwuwa. Magana ɗaya ce ta hanya biyu.

Ƙa'idar da yadda ake komowa

Idan yiwuwa ta zo a lamba bisa lamba, ki bar ta sama yadda take, ki ɗebe ta daga ta ƙasa. Ta sama da abin da ya saura su ne awon faruwa. Ki juya su, ki sami na rashin faruwa. A ludo, yiwuwar jefa shida 1/6 ce. Shida a ɗebe ɗaya, biyar. Awon faruwa 1:5, na rashin faruwa 5:1.

Idan ta zo a kaso cikin ɗari, ɗari ɗin ita ce lambar ƙasa. A ce hasashen yanayi ya nuna yiwuwar ruwa gobe kashi 70 cikin 100. Saura 30. Awo 70:30, ki raba kowanne da goma, ya zama 7:3. Idan ta zo da ɗigo, kamar 0.35, ki ɗebe daga 1, ki sami 0.65. Sai ki ninka duka biyun sau ɗari don ɗigon ya tafi: 35:65, ki raba da biyar, 7:13. Haka 0.125, in an ninka sau dubu, za ta ba ki 125:875, wato 1:7. Masu duba jarrabawa suna son a taƙaita awo zuwa ƙananan lambobi, don haka kada ki bar shi a 35:65.

A littattafanku za ki ga ana rubuta shi da harafi: idan yiwuwa p ce, awon faruwa shi ne p a raba da (1 − p). Wani lokaci ana yin rabawar har ƙarshe a bar lamba guda. A nan 3:5 za ta zama 0.6, 7:3 kuma ta zama 2.33. Idan kika ga an ce awo 0.6 ne, kada ki karanta shi a matsayin kashi 60 cikin 100. Yiwuwar tana nan a 3/8, wato kashi 37.5.

Komowa baya kuwa tarawa ce. An ce awon faruwa 4:7, ki tara, goma sha ɗaya, yiwuwa 4/11. An ce awon rashin faruwa 9:2, nan ne ake yawan zamewa, domin lambar faruwa ita ce ta biyu. Yiwuwar faruwa 2/11 ce, ba 9/11 ba. Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne su rubuta "zai faru" da "ba zai faru ba" a saman lambobin kafin su taɓa komai. Yana cin daƙiƙa biyar, yana ceton maki.

Akwai gwajin da za ki riƙa yi da ido. Idan yiwuwa rabi ce, awo 1:1 ne, kunnen doki. Idan ba ta kai rabi ba, lambar farko ta awon faruwa dole ta zama ƙarama. Idan ta wuce rabi, dole ta zama babba. Hanyar da kika bi ba za ta taɓa fitar da lambar farko babba ba, domin lambar sama ba ta wuce ta ƙasa, ko da abin ya kusa tabbata. Wannan kaɗai ya isa ya nuna akwai matsala a hanyar. Yiwuwa tana zaune tsakanin 0 da 1. Awo ba shi da iyaka ta sama: kashi 90 ya ba da 9:1, kashi 99 ya ba da 99:1, kashi 99.9 ya ba da 999:1. Abin da ya tabbata gaba ɗaya, 1:0, ba a mayar da shi lamba guda, tunda ba a rabawa da sifiri.

Sikila, da kuskuren ninka awo

Bari mu ɗauki misalin da za ki haɗu da shi a bakin aiki. Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da cutar sikila, kuma a Kano tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na jinotayif. Mutane za su zo miki da takarda a hannu suna tambayar ma'anarta.

Idan miji AS ne, mata AS ce, kowane ciki yana da hanyoyi huɗu masu nauyi ɗaya: AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Yiwuwar SS, wato mai cutar sikila, 1/4 ce. Awon faruwa 1:3, na rashin faruwa 3:1. Kalmar faruwa a nan ba ta nufin abin da ake so, tana nufin abin da ake magana a kansa kawai. Idan ɗaya AS ne ɗaya SS, awo ya koma 1:1. Idan ɗaya AA ne ɗaya AS, babu hanyar SS, awo 0:1.

Na sha jin ma'aurata suna fassara 1:3 da cewa a cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai zo da cutar, in ya riga ya zo sauran ukun sun tsira. Wannan fahimta tana jawo kuka a gidaje. Kowane ciki sabon lissafi ne, bai san abin da na baya ya haifar ba. Wadda ta haifi mai sikila bara, cikinta na bana yana nan a 1:3.

To idan aka tambaye ki awon a haifi yara biyu a jere duka SS fa? Hannu zai so ya ninka 1:3 da 1:3 ya rubuta 1:9. Ba daidai ba ne. Ana ninka yiwuwa, ba a ninka awo da awo. Ki koma yiwuwa tukuna: 1/4 sau 1/4, 1/16. Sannan ki juya: goma sha shida a ɗebe ɗaya, 1:15. Tazarar 1:9 da 1:15 ba ƙarama ba ce. Wannan kuskure tsoho ne. Gerolamo Cardano, likita ɗan Italiya da ya rasu a 1576, na cikin mutanen farko da suka rubuta lissafin sa'a, kuma shi ma da ninka awo ya fara, sai da ya gwada da abin da yake rabi da rabi ya ga hanyar ba ta ɓullewa. Ki gwada da kanki: 1:1 sau 1:1 zai ba ki 1:1, ma'ana faruwar abu sau biyu a jere daidai take da faruwarsa sau ɗaya. Hankali ba zai ɗauka ba. Amsar gaskiya 1/4 ce, wato 1:3.

Tambayar da iyaye suka fi yi ita ce ta dukan iyali: in muka haifi yara kaza, za mu tsallake? Yiwuwar yaro ɗaya ya tsira 3/4 ce. Yara biyu duka su tsira, 9/16, don haka yiwuwar a sami aƙalla ɗaya mai cutar 7/16 ce, awo 7:9. Yara uku, 27/64 su tsira duka, 37/64 a sami aƙalla ɗaya, awo 37:27. Kin ga daga yaro na uku lambar farko ta riga ta rinjayi ta biyu. A yara huɗu ya kai 175:81, ya haura biyu da ɗaya. A ƙasar da iyali mai 'ya'ya shida ko bakwai ba abin mamaki ba ne, wannan ne lissafin da ya kamata masu niyyar aure su ji, ba 1:3 na ciki guda kawai ba. Shawarar abin da za su yi da lambobin ta likita ce da masu ba da shawara kan cututtukan gado, ni iyakata in tabbatar lambar da za a gaya musu daidai ce.

Me ya sa ake riƙe da duka biyun

Awo ya riga yiwuwa shiga bakin mutane, domin a teburin caca na Turai aka fara wannan lissafi, kuma mai zuba kuɗi abin da yake son sani shi ne nawa zai sa a kan nawa. A 1654 Blaise Pascal da Pierre de Fermat na Faransa suka yi musayar wasiƙun da ake ɗauka a matsayin tushen ilimin yiwuwa, bayan wani ɗan caca da ake kira Chevalier de Méré ya kawo wa Pascal matsalolinsa. Ɗaya daga ciki ita ce a sami shida aƙalla sau ɗaya a jifa huɗu irin na ludo. Hanyoyin duka 1,296 ne, 625 daga ciki babu shida ko ɗaya, saura 671. Awo 671:625, rinjaye ɗan kaɗan. Da aka koma jefa ɗiyan ludo biyu tare, ana neman shida da shida a jifa 24, sai yiwuwa ta sauka zuwa kusan kashi 49, rinjayen ya juya.

Tarihi ke nan. Dalilin da ya sa har yau ake koya muku shi ya fi wannan ƙarfi, kuma a fassarar sakamakon gwaji yake. Akwai ƙa'idar Thomas Bayes, wadda aka buga a 1763 bayan rasuwarsa, mai nuna yadda sabuwar shaida ke sauya abin da ake zato. Da yiwuwa, lissafinta doguwa ce mai rikitarwa. Da awo, ninkawa ɗaya ce.

Ga misali da lambobin da na tsara don koyo kawai. A ce wata cuta tana jikin mutum ɗaya cikin ɗari. Awon farko 1:99. Gwajin yana kama kashi 90 na masu cutar, amma yana nuna cuta a kashi 5 na masu lafiya. Ki raba 90 da 5, ki sami 18. Wannan lamba ita ce ƙarfin shaidar gwajin: mai cutar ya ninka mai lafiya sau 18 wajen yiwuwar ganin wannan sakamako. Ki ninka ɓangaren faruwa da ita: 18:99, wato 2:11. Ki koma yiwuwa, 2/13, kimanin kashi 15 cikin 100. Mutumin da gwaji ya nuna yana da cutar, har yanzu awon rashin cutar ya fi ƙarfi, 11:2.

Ɗalibai ba sa yarda da wannan sai sun ƙirga kawuna, to mu ƙirga. Mutum 10,000, ɗari suna da cutar, gwaji ya kama 90. Sauran 9,900 lafiyarsu lau, amma gwaji ya yi kuskure a kan 495. Casa'in ga ɗari huɗu da casa'in da biyar, 90:495, shi ne 2:11 ɗin. Idan aka sake wani gwaji daban mai ƙarfi iri ɗaya, wanda kuskurensa bai rataya da na farko ba, ya sake nuna cutar, sai ki sake ninkawa: 36:11, kimanin kashi 77. Shi ya sa ake tabbatar da wasu sakamako da gwaji na biyu kafin a gaya wa mutum labarin da zai girgiza rayuwarsa. Ki lura da bambancin wannan ninkawa da wadda na hana a baya. A can an ninka awo da awo. A nan ana ninka awo da ƙarfin shaida.

Wuri na biyu da za ki gamu da shi shi ne rahoton bincike, inda ake raba awon wani rukuni da na wani. A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka buga bincikensu na asibitocin Landan, inda suka ɗauki masu ciwon dajin huhu da wasu majinyata marasa shi, suka tambayi kowa tarihin shan tabarsa. A irin wannan bincike mai binciken ne ya zaɓi yawan masu cutar, saboda haka ba zai iya cewa ga yiwuwar kamuwa ba. Abin da zai iya fitarwa shi ne awon shan taba a rukunin nan da rukunin can. A 1951 Jerome Cornfield ya nuna cewa idan cutar ba ta da yawa a cikin jama'a, kwatancen awo biyu yana kusa da kwatancen haɗarin kansa.

Sharaɗin "ba ta da yawa" shi ake mantawa. A ce a ƙauye ɗaya yara 60 cikin 100 sun yi zazzaɓi, a wani 30 cikin 100. Haɗarin ya ninka sau biyu. Amma awon na farko 60:40 ne, wato 1.5, na biyu 30:70, kusan 0.43. Ki raba, ki sami 3.5. Wanda ya karanta 3.5 ya ce haɗarin ya ninka sau uku da rabi ya ƙara gishiri ba da saninsa ba, kuma ana yin haka a labaran lafiya fiye da yadda ya kamata. Idan kuwa 2 cikin 1,000 ne da 1 cikin 1,000, kwatancen awo zai ba ki 2.002, kusan daidai da 2. Dalilin shi ne wanda kika riga kika gani: idan abu ba ya yawan faruwa, 1/1000 da 1:999 kusan abu ɗaya ne, idan yana yawan faruwa kuwa, 3/4 da 3:1 sun yi nisa da juna.

Har alƙaluman haihuwa da awo ake faɗarsu. Ana cewa a duniya ana haihuwar maza kimanin 105 ga kowane mata 100. Wannan 105:100 ne. Yiwuwar namiji 105/205 ce, kashi 51 da ɗan ɗoriya.

Lambobin gidajen caca

Tunda kalmar ods a bakin samari yanzu ta shagunan cacar ƙwallo ce, bari in taɓa ta, don ki iya yi wa ƙannenki bayani. Lambar da suke gani a waya, kamar 4.00, jimlar abin da za a mayar ce a kan kowace naira, har da nairar da aka zuba. Ki ɗebe ɗaya, ki sami awon rashin faruwa, 3:1, wato yiwuwa kashi 25. Amma wannan farashi ne da kamfani ya sa, ba awon gaskiya ba. A ce an sa 2.00 a kan nasara, 3.30 a kan kunnen doki, 3.60 a kan faɗuwa. Ki raba 1 da kowanne: kashi 50, da 30.3, da 27.8. Jimla 108.1. Yiwuwar gaskiya dole ta tsaya a 100, wannan rarar takwas ɗin ita ce ribar da aka gina cikin farashin tun kafin a busa usur. Wanda ya haɗa wasanni goma a takarda ɗaya kuwa, rarar tana ninkuwa a kansa wasa bayan wasa. Haramcin caca sananne ne, kuma ina ganin ya kamata yaro ya san cewa lissafin ma ba ya tare da shi.

Inda ƙa'idar ta tsaya

Juya yiwuwa zuwa awo ba ya gyara yiwuwar da aka samo ta karkatacciyar hanya. Ƙirga hanyoyi yana aiki ne kawai idan hanyoyin suna da nauyi ɗaya. Idan aka jefa ɗiyan ludo biyu, jimlar tana iya zama daga 2 zuwa 12, lambobi goma sha ɗaya. Ɗalibi sai ya ce awon samun 7 shi ne 1:10. A'a. Hanyoyin 36 ne, shida daga ciki suna ba da 7, don haka 6:30, wato 1:5. Jimlar 12 kuwa hanya ɗaya gare ta, 1:35.

A asibiti ma yawancin yiwuwar ba daga ƙirgar hanyoyi take fitowa ba, daga rajistar majinyata take fitowa, kuma awo yana ɓoye yawan mutanen da aka ƙirga. Majinyata 2 cikin 5 sun warke, awo 2:3. Majinyata 400 cikin 1,000 sun warke, awo 2:3. A na farko, mutum ɗaya ya ƙaru cikin waɗanda suka warke, awon ya juye ya zama 3:2. A na biyu, ya koma 401:599, da ƙyar ya motsa. Duk lokacin da kika rubuta awo a rahoto, ki rubuta adadin mutanen a gefensa.